Kada Ka Kafa Shingen Nan

Yaya Esenbek,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna? Ya dawakai a tsauni? Ni lafiya lau, har ni ke shugabantar ma'aikata a wata gona a nan Ingila.

Ran Lahadi na kafa tanti a bakin wani rafi. Da na hango mai filin tafe, na ɗora masa shayi, na zaci gaisuwa ce ta kawo shi. Ya ce, "Nan gidan ubanka ne? Tattara!" Karensa ya rako ni har titi. Ba komai.

Sai dai shingen da na matsa maka ka zagaye wurin kiwonmu da shi, ban kyauta ba. Don Allah kada ka kafa. Duk baƙon da ya sauka, a ba shi nonon goɗiya kamar yadda muka saba a gida.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Tologon