Wayoyin da Ahouansou Bai Gani Ba

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Ƙungiyar Haɗin Kan Makanikan Babur, Reshen Akpakpa, Kwatano

Daga: Senami Kpadonou, 'yar koyon wayarin a garejin Maigida Zannou Gbetoho

Kwanan wata: Laraba, 11 ga Satumba, 2024

Game da: Sakamakon jarrabawar yaye ta ranar Asabar, 7 ga Satumba, da abin da mai jarrabawa Codjo Ahouansou ya aikata

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da matsayinka, ina neman izinin gabatar da kukana. Shekarata shida ina koyon wayarin babur a hannun Maigida Zannou, kuma an sa bikin yaye ni ranar 28 ga wannan wata. Ka fi ni sanin dokar ƙungiya: wanda ya faɗi jarrabawa sai baɗi, kuma ba mai yaye ɗan koyo sai maigidan da ya karɓe shi. In maigidan ya rasu kafin nan, sai a koma ƙarƙashin wani a sake shekara uku. Maigidana yana kwance tun watan Mayu. Ni kuma shekarata talatin da ɗaya, da 'ya'ya biyu. An rubuta cewa na faɗi, ga kuma yadda aka yi.

1. Da ƙarfe tara na safe aka ba ni babur ɗin wani ɗan zem, wato ɗan acaɓa, mai suna Dossa, aka ce in sabunta masa wayoyin hon da sigina da fitila. Na yi yadda aka koya mini. Na huda ƙarfen kan babur ɗin ta ƙasa, nesa da inda ake ɗaure shi, na goge bakin hujin don kada ya yanki waya, na sa masa roba. Na zura tsohuwar wayar birki ta cikin bututun ƙarfen, na shafa wa wayoyin sabulu, na jawo su da ita har suka fito ta tsakiya, na bar musu sarari yadda ko an karya kan babur ɗin har ƙarshe ba za su tsinke ba. Duk wanda ya yi damina ɗaya a garin nan ya san abin da ruwa da iskar teku ke yi wa wayar da aka bari a waje.

2. Da ƙarfe sha ɗaya da kwata mai jarrabawa Ahouansou ya iso cikin farin leshi har ƙasa. Ba na ƙorafi kan leshin, ya yi masa kyau. Na ambace shi ne kawai saboda shi ya hana shi durƙusawa, alhali hujin da na yi a ƙasa yake. Ya zagaya babur ɗin sau biyu, hannuwa a baya, kamar mai zaɓen rago, sannan ya ce, "Ke 'yar gidan Zannou, ina wayoyin?"

3. Na amsa da ladabi na ce, "Baba, suna ciki." Na danna hon, ya yi ƙara har mai sayar da koko a bakin titi ta waiwayo. Na kunna sigina dama da hagu, na kunna fitila. Ya ce, a gaban mutum goma sha huɗu, "Na ji yana yi. Amma ban ga abin da ke sa shi yi ba, ni kuwa abin da ban gani ba ba na ba shi maki. Ko a gidan boka kika ƙarasa karatun?" Ranka ya daɗe, shi ma bai taɓa ganin hanjinsa ba, amma na ga yadda ya yi da farantin doya da aka kawo wa alƙalai, ban kuma ji ya yi shakkar cewa hanjin na aiki ba.

4. Daga nan ya karɓi filaya, ya kama wayoyin a inda suka fito ta tsakiya, ya ce zai tabbatar. Dossa ya ce, "Baba, a hankali, da shi nake ciyar da gida." Ya finciko da ƙarfinsa duka, uku suka tsinke. Sai ya danna hon, shiru. Ya buɗe takardarsa ya rubuta da hannunsa mai albarka: "Hon ba ya aiki." Wannan gaskiya ne. Shi ne abu ɗaya tilo na gaskiya a takardar, kuma shi ya yi aikinsa da kansa.

5. Ɗan koyon da ke kusa da ni ya naɗe wayoyinsa a waje da baƙin salatif, dunƙule guda, kamar yatsan da ya yi karkare. Siginarsa ta hagu ta dama take kunnawa. An ba shi maki cikakke, domin wayoyinsa ana hango su daga tsallaken titi. Ba na jin haushinsa, yaron kirki ne. Haushina yana kan mutumin da ya bar riƙe sifana tun kafin in shiga sana'a, ya koma sayar da madubi da murfin kujera, amma yau shi ke yanke wa wayarin hukunci.

6. Bayan alƙalai sun watse na sake zura wa Dossa sababbin wayoyi cikin minti arba'in. Yana nan yana aiki, ruwan ranar Litinin duk a kansa ya ƙare, hon ɗinsa bai shaƙe ba. Ya ce a kira shi shaida ko da wane lokaci.

Saboda haka, cikin ƙasƙantar da kai, ina roƙon a soke wannan sakamako, a sake mini jarrabawa kafin ranar 28 ga wata. A ba ni kowane babur, a ba ni kowane mai jarrabawa, muddin gwiwarsa tana lanƙwasuwa. Ba na neman a hukunta Ahouansou. A bar shi da madubansa, can ne ake buƙatar abin da ido ke gani.

Na san za a ce in yi haƙuri, baɗi kamar gobe ne. Ranka ya daɗe, ina jin tsoro, kuma ba zan ɓoye ba. Da na karanta wa maigidana daftarin wannan takarda jiya, ya yi dariya a sakin layi na uku har tari ya sarƙe shi, sannan ya ce, "'Yata, gaya wa Shugaba ya yi sauri. Ni ba ni da baɗi."

Ina mai biyayya da fatan alheri gare ka da dukan dattawan ƙungiya,

Senami Kpadonou

Shaida: Maigida Zannou Gbetoho. A yi haƙuri da dangwalen yatsa, hannun ya daina riƙe biro tun makon jiya.