Rigar Ƙyalƙyali ta Kawu Tijjani

Landan, Maris 2013

Kawu Tijjani,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Gwaggo Iyatu. Jiya na shiga wani gidan tarihi, ana nunin kayan kiɗan da Turawa ke kira glam rok, na farkon shekarun saba'in, lokacin da mawaƙa maza suka fara sa ƙyalƙyali da dogayen takalma. Na ga wata koriyar riga da aikin aska biyu a ƙirji, da zaren azurfa. A katin da ke gabanta an rubuta cewa a cikinta wani mawaƙi ya rera waƙar da ta buɗe wa salon ƙofa, kuma ba a san maɗinkin ba. Amma a cikin wuyan akwai ajami: Tijjani. Mama ta ce ka zauna Landan kafin Makka. Kai ne?

'Yarka, Zinariya

Rusaifa, Makka, Afrilu

Ya binti, 'yata Zinariya,

Wa alaikis salam. Ni ne. A 1970 ina ɗinki a wani shago, maƙwabcina siririn yaro ne mai jita, yana waƙoƙin sanyi ba mai saurare. Ya yi sabuwa mai zafi, aka kira shi talabijin, ya kawo baƙar kwat in rage masa. Na ce, "Ta'aziyya za ka?" Ya ce, "To, yi min abin da za a gani daga nesa." Kwana uku na yi a kan koriyar rigar nan. Cikin wata guda waƙar ta cika gari, samari suna layi a ƙofata.

Na zo Hajji a 1973, na zauna. Shekara arba'in ina ɗinka jallabiya, ina sahun gaba a masallacin unguwa. Me jama'ar masallaci za su ce? Ki bar maganar, halas, shi ke nan.

Kawunki

Rusaifa, Mayu

Zinariya,

Iyatu ce, jikana Mish'al ke rubuta min. Kawunki ya kwana biyu ba ya cin abinci, ya zo wai yana da sirri. Na ce, "Rigar Baturen? Takardar awonta na cikin akwatina tun ranar da ka auro ni." Da Juma'a ya faɗa wa abokansa da bakinsa. Liman ya ce ɗinki sana'a ce, ya tambayi ko zai yi masa irin aikin a alkyabba, ban da ƙyalƙyali. Ga takardar nan, ya yarda ki kai wa gidan tarihin.

Gwaggonki

Landan, Yuli

Kawu,

Barka da shan ruwa. Sun gwada awon, ya yi daidai. Yanzu katin na cewa: Tijjani Ɗanbatta, tela, mazaunin Makka. Na tsaya a gabansa ina kuka. Ga hoto.

Zinariya

Rusaifa, Agusta

Ya binti,

Alhamdu lillahi. Hoton na bangon shago, tun safe ake shigowa ana min barka, mabruk. Amma sun rataye rigar a karkace. Ki ce su ɗaga kafaɗar hagu, ba haka na ɗinka ta ba.

Allah ya yi miki albarka.

Tijjani, tela