Kujerata a Xalapa

Yaya Amparo,

Gaisuwa mai yawa daga Montreal. Yaya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, sai dai sanyi da ke sandarar min da yatsu a kan goge.

Na ji abokan kiɗana na nan gida Xalapa sun ba Eusebio kujerata. To, Allah ya sanya alheri. Wai har Mama ta tafa masa, tana cewa, "Yaron nan hannunsa da zaƙi"?

Shekara da shekaru mu huɗu muna kiɗa, ba shugaban kiɗa mai ɗaga mana sanda don mu fara. In na ja numfashi, sai a fara. A nan mun yi yawa, ina layin baya, ko na shaƙe ba mai waiwayowa.

Ki aiko min da barkonon gida. Kuma ki tambaye su, ba don komai ba: numfashin wa suke jira yanzu?

Ƙaninki,
Nicanor