Yadda Na Kushe Ɗana a Gaban Mutanen Ireland

Kwararafa, Jos
Litinin

Zuwa ga matata Muinat, Iya Sodiq,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Sodiq da tsofaffin da kike wa hidima a wajen aiki. Yaya ciwon bayan, ya lafa? Mu nan ƙalau, sai ruwan ƙarshen damina da ke korar mana masu saye a kasuwar Terminus. Da hannu na rubuta, zan ɗauki hoto in turo miki, don in na yi saƙon murya yaron zai jiyo ni daga kicin.

Kin ce Lahadi ne wasan su Sodiq na kusa da na ƙarshe. To na nemo shafin da magoya bayan ƙungiyoyin yankinku ke taruwa a Facebook. Malam Pwajok, tsohon malamin makarantar nan da ke sayen kwat a wajena, shi ya yi mini bayanin wasan, don a hannun su Fada 'yan Ireland ya yi karatu. Ya ce sunansa hurling, mutum goma sha biyar kowane gefe, ƙwallo kamar lemo, sanda kamar muciyar tuwon biki. A raga maki uku, ta saman ƙarfe maki ɗaya. Na tambaye shi nawa ake biyan 'yan wasa, ya ce ko sisi. Onyedikachi mai takalma da ke gefena ya yi dariya har ya zauna kan kwali, don shekara biyu ina gaya musu ɗana na buga ƙwallo a Turai, ban dai faɗi wace iri ba.

Abin da na karanta a shafin ya tsaya mini a rai. Wani Declan ya rubuta cewa Sodiq ne zai kai su wasan ƙarshe, babu mai gudunsa a yankin. Wata tsohuwa ta sa hoton zuciya har uku. Sai wani daga ɗaya ƙungiyar, ta ƙetaren kogi, ya amsa cewa sun gode da sanarwa, za su ɗora masa mutum biyu, kuma kafin minti biyar zai gane ba don ƙwallo kaɗai aka sassaƙa sanda ba. Mutum arba'in suka danna dariya. Na ƙirga su.

Mutanen nan ba su san kasuwa ba, Iya Sodiq. Shekara talatin ina fasa dilar gwanjo, ban taɓa ganin mai hankali ya ɗaga rigar da ya fi so yana yabonta a gaban 'yan sari ba.

Kin san yadda muke da yaron. Yana ɗan shekara takwas kuka tafi, yau sha tara. Shekara uku bai ɗaga wayata ba, sai bayan Babbar Sallah ya fara kira duk Juma'a, har da bakinsa ya ce zai zo Disamba. Na riga na sa an yi wa ɗakin baya fenti. Ba zan zauna ina kallo wasu ƙattin manoma su karya mini shi ba. Akwai ɗan abin da zan yi daga nan, kada ki damu, kuma kada ki gaya masa ina leƙa shafin.

Ki gaishe shi kamar gaisuwar kullum.

Mijinki,
Musiliu

Kwararafa, Jos
Alhamis

Zuwa ga Iya Sodiq,

Ina gaisuwa, ina kuma fata kin samu kin ci abinci, don na san in ranki ya ɓaci ba kya ci. Saƙonki na safe na saurara sau huɗu. Kin ce kocinsu ya kira Sodiq gefe ya sa a duba gwiwarsa, ya ce mai yiwuwa a benci zai fara. Kin ce yaron ya dawo ya ce ke kaɗai kika san da gwiwar, ke kika baza zancen a masallaci ko wajen aiki, tun jiya bai yi miki magana ba. Kina tambayata ko na gaya wa wani, tunda ni kaɗai kika faɗa wa.

Ban gaya wa wani ba. Na gaya wa kowa.

Ki zauna in faɗa miki yadda aka yi. Ran Talata na buɗe sabon suna a Facebook, Paddy, don Malam Pwajok ya taɓa cewa rabin ƙasar sunansu ke nan. Na sa hoton tunkiya. Na shiga shafin na rubuta cewa yaron nan da ake ta zuzutawa ba komai ba ne, iska ce kawai, yana tsoron sanda, in aka matse shi sakin ƙwallo yake. Nufina mutanen ƙetaren kogi su ɗauke ido daga kansa. Haka muke yi ranar fasa dila. In ka hango jaket mai kyau, sai ka ɗaga ta ka yamutse fuska, ka ce wannan ai ta mutu, ka jefar gefen ƙafarka. Kowa ya wuce, kai ka ɗauka.

Amma kin san ƙa'idar, kin zauna a shago da ni. Kushe ba ya kamawa sai ka nuna aibi ɗaya na gaskiya, ko maɓalli ne da ya cire. Da na ga babu wanda ya kula Paddy, sai hannuna ya ƙara layi ɗaya: ku lura da gwiwarsa ta dama, mako uku yana ɓoye ta. Wallahi lokacin da nake rubutawa ji nake na yi dabara.

Kafin la'asar amsa ta wuce ɗari biyu. Declan ya ce Paddy ya fito fili in namiji ne. Wani ya ce ɗan leƙen asirin ƙetaren kogi ne, su kuma suka ce ba nasu ba ne, nasu sun iya Turanci. Tsohuwar nan mai zuciya uku ta tambaya wane Paddy ne yake ƙare magana da "o". Sai wani ya ce shi ma ya ga yaron yana ɗingishi a wajen atisaye. Na goge rubutun, ashe sun riga sun ɗauki hotonsa.

Da na nuna wa Malam Pwajok, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce oga Musiliu, jaket ba ta karanta abin da aka faɗa a kanta.

Yanzu ga roƙona. Na san ke ke ɗauke da laifina a gidan. Ki daure mini zuwa bayan wasa. In ya ji yanzu, gobe Juma'a ba zai kira ba, kuma Disamba ta tafi. Ko kuma mu bar shi a kan Paddy, ai ba wanda ya san shi, bayan wata ɗaya an manta. Na san abin da za ki ce. Ina dai faɗa ne.

Ki yi haƙuri da ni.

Naki,
Musiliu

Kwararafa, Jos
Lahadi da yamma

Zuwa ga matata Muinat,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gajiyar filin wasa? Na hango ki sau ɗaya a bidiyo, cikin jar rigar ruwan da na aiko miki bara, kin rufe baki da hannu biyu.

Amsarki ta ran Alhamis layi ɗaya ce, cewa shekara goma sha ɗaya kina gyara sunana a kunnen yaron, wannan karon in gyara da kaina. Ban ji daɗinta ba, amma ban sami abin musu ba. Ran Juma'a bayan masallaci na koma shafin da sunana na gaskiya da hotona a gaban shago. Na ce ni ne Paddy, ni ne uban Sodiq, uwarsa ba ta da hannu, kuma na bayyana musu yadda ake fasa dila don su gane nufina. Declan ya ce wannan ce dabara mafi muni da aka taɓa yi wa ƙungiyar tun kafa ta, kuma yana maganar ƙungiyar da ta taɓa zuwa filin da ba shi ba. Wani ya ce a ba ni aikin koci a ƙetaren kogi. Tsohuwar ta ce za ta sa ni a addu'a, don ina bukata.

Ban sani ba ko ya gaya miki ya kira ni jiya. Bai yi minti biyu ba. Na shirya zancen gwiwa tun safe, shi ko bai ma ambace ta ba. Cewa ya yi, da gaske ne ina ganin yana tsoron sanda? Na rantse masa ƙarya ce ta kasuwa. Ya ce ta yaya na san ƙarya ce, alhali ban taɓa kallon wasansa ko ɗaya ba, duk bidiyon da ya turo. Ya ajiye waya.

Gaskiya ya faɗa. Ina buɗe bidiyon in ga ba ƙwallon ƙafa ba ne, in rufe.

Yau mun kalla a falon Malam Pwajok, har da Onyedikachi da ya zo dariya. Minti arba'in da takwas ɗana yana benci saboda ni, ya lulluɓe ƙafa da riga. Da aka sako shi ana bin su maki biyu. Ƙwallon farko da ya taɓa, wani jibgege mai lamba shida ya shiga gwiwar dama kai tsaye, inda Paddy ya nuna masa. Na fita tsakar gida. Onyedikachi ya jawo ni ya ce in dawo, yaron ya tashi.

Sun rama ɗaya. Saura minti biyu aka ɗago ƙwallo sama, sanduna uku suna jiranta. Iya Sodiq, yaron nan ya sa hannunsa tsirara a tsakiyarsu ya cafke ta. Ni ko allurar ɗinki ba na kamawa haka. Ya faɗi, ya miƙa wa wani mai jan gashi, shi ya tsallakar da ita ta saman ƙarfe. Aka tashi kunnen doki, za a sake Lahadi mai zuwa. Onyedikachi bai yi dariya ko sau ɗaya ba, tambaya yake ko ana sayar da sandar a Legas.

Na tura wa Sodiq saƙo. Ban yabe shi ba, ban ba shi shawara ba, na rubuta abin da na gani daki-daki, har minti. Ya karanta. Awa biyu ina riƙe da waya, sannan ya amsa: Lahadi ƙarfe biyu, ka kalla daga farko, kada ka rubuta komai a ko'ina.

Bai ce komai kan Disamba ba. Ban tambaya ba, ke ma kada ki tambaya. Yanzu duk yankin sun san gwiwar, kuma mai lamba shida yana da mako guda ya yi tunani a kanta. Ki sa masa ƙanƙara, ki gaya mini gaskiyar yadda ta kumbura. Na ga Declan ya fara rubuta cewa Sodiq ne zai gama da su a karo na biyu, yatsana har ya kai kan wajen amsa. Na kai wa Malam Pwajok wayar ya kulle a durowa. Wannan takardar da wayarsa za a turo miki, nan za ki same ni har Lahadi.

Ki yafe mini kwana ukun da ya yi ba ya miki magana.

Mijinki,
Musiliu, Baba Sodiq