Jagora ta Goma Sha Huɗu

Litinin, 2 ga Nuwamba 2009
Mbak Ningrum ta kira daga kamfanin ɗab'i. Ita ce editar mijina, Mas Harjo, tun littafinsa na uku. Suna son littafin jagorar sabon tsarin kwamfutar nan kafin ƙarshen Disamba, wai wasu sun riga sun fitar da tasu. Na ce mata yana kan aiki. Ba ƙarya na yi ba, tun da ya karya kumallo yake zaune gaban kwamfutar. Abin da yake yi ne ban sani ba.

Alhamis, 5 ga Nuwamba
Na kai masa shayi, na tarar layi huɗun jiya ne dai a allo. Ya ce sun ɓoye masa komai, abin da ke hagu sun mai da shi dama. Mutumin da ya rubuta jagora goma sha uku, wanda malaman makaranta kan tare a kasuwar Johar su ce da littafinsa suka koya. Na ce ya sha kafin ya huce.

Talata, 10 ga Nuwamba
Asibiti. Likita ya ba shi kalmomi uku ya riƙe, bayan minti biyar ya tambaye shi. Ɗaya ya tuna. Ya yi dariya ya ce ai shi ya wuce jarrabawa. A motar haya bai saki hannuna ba har gida, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba shekara talatin da ɗaya da aurenmu.

Asabar, 14 ga Nuwamba
Ruwa tun safe, har ya shigo ƙofar ɗaki. Ban gaya wa kowa maganar mantuwarsa ba tukuna.

Juma'a, 20 ga Nuwamba
Yau da ya kwanta bayan sallar Juma'a na zauna a kujerarsa. Ni da ban taɓa taɓa abin nan ba sai in zan goge ƙura. Na ɗauko littafinsa na ƙarshe, na tsohon tsarin, na fara daga shafin farko. Ashe haka yake wa mutane magana a rubuce, a hankali, kamar mai koya wa yaro keke. Ni bai taɓa yi min bayani da irin wannan haƙurin ba, ko kuwa ni ce ban taɓa tambaya ba.

Ban ji tashinsa ba. Ina riƙe da linzamin kwamfutar sai muryarsa a bayana, da sunan da yake kirana: "Dik, linzami ne, ba wuƙar yanka albasa ba. Sassauta." Ya ɗora hannunsa kan nawa ya gyara min riƙo. Wannan bai manta ba.

Lahadi, 29 ga Nuwamba
'Yarmu Laras ta zo daga tsibirin Batam don babbar salla, yau ta koma. Na gaya mata a kicin muna soya tempe, wainar waken soya. Ta yi kuka, ta share, sannan ta fara faɗa irin na ubanta. Wai in kira kamfanin in faɗa musu gaskiya, yanzu kowa a intanet yake dubawa, wa zai sayi littafi don ya koyi latsa maɓalli. Ba mu san yana bakin ƙofa ba.

Sai da ta tafi ya tambaye ni: "Dik, na gama littafin ko?" Na ce saura kaɗan.

Alhamis, 3 ga Disamba
Mun samo dabara. Ni ke latsawa, shi ya kalla ya faɗi jimlar, ni in rubuta. Babi na huɗu ya kammala. Ya ci shinkafa faranti biyu, har yana tsokanata wai ɗalibarsa ta yi tsufa da yawa.

Laraba, 9 ga Disamba
Yau ranar ba ta yi kyau ba. Matakan tsohon tsarin yake ta faɗa, ni kuma ina duba allo ba na ganin abin da yake cewa. Da na ce babu shi a nan, ya daka min tsawa, ya ce wa ya ba ni izinin taɓa kayan aikinsa. Kallon da ya yi min, kamar na shigo gidan jiya.

Bayan azahar ya yi barci. Na rubuta babi na shida ni kaɗai. Sau uku na share komai bisa kuskure.

Juma'a, 18 ga Disamba
Mbak Ningrum ta zo da kanta karɓar aikin. Mas Harjo ya tarbe ta da fara'a, bai kira sunanta ba ko sau ɗaya, ta kuma lura. Ta zauna a baranda tana buɗe shafuka. Ta ce daga babi na shida misalan sun sauya, an daina maganar fayilolin ofis, an koma adana hoton jikoki da yadda ake haɗa miyar gyaɗa.

Ta juyo gare ni: "Bu Wening, wa ya rubuta nan?"

Na ce Mas Harjo. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce to, sunansa zai fito kamar kullum.

Litinin, 11 ga Janairu 2010
Ya fita sayen jarida ya ɓata, maƙwabci ne ya dawo da shi daga bakin tasha.

Asabar, 6 ga Fabrairu
Kwafi biyar sun iso. Bangon shuɗi ne, sunansa da manyan baƙaƙe. Ya zauna da ɗaya har la'asar, yana bin layi da yatsa. Ya ce wanda ya rubuta wannan ya san inda mutane ke ruɗewa, ko na san shi? Na ce na ɗan san shi. Na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Mbak Ningrum ta tambaya ko za a iya ƙaramar jagora kan aika wasiƙa ta kwamfuta, don tsofaffi. Na ce sai na yi shawara da shi. Ban yi ba. Da yamma na rubuta shafi biyu, don gwaji kawai. Sai da na kashe kwamfutar na lura ko sau ɗaya ban juya na tambaye shi ba, yana nan kuwa a kujerar da ke bayana.