Jita Uku da Kiɗan Lado Maharbi

Kazaure, 9 ga Fabrairu, 1975

Takarda daga hannun Muhammadu Lawal magatakarda zuwa ga taubashina Hamma ɗan Kawu, a Gwiwa. Gaisuwa mai yawa da aminci, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ragowar shanun da fari ya bar maka.

Bayan gaisuwa, abu uku zan gabatar, ina roƙon ka karanta su bi da bi kafin ka yi dariya.

Na farko, na sayo jita ta uku a Kano, 'yar Japan mai tambarin shamuwa. Ka san ta fari, 'yar Ingila: wuyanta ya yi wa hannuna kauri, shekara biyar ina lallashinta kamar baƙon da ba ya jin Hausa. Ta biyu 'yar Jamus, kowa ya gani sai ya yaba, amma muryarta sanyi gare ta kamar ruwan randa. Wannan kuwa ban same ta da aibi ko ɗaya ba. Ina goge ta safe da yamma, ina ɗaure wayoyinta shida yadda ƙasidar koyon jita ta tsara a shafi na huɗu. Allah ya sani na so in so ta. Amma in na rungume ta sai in ji kamar na ɗauki ɗan wani.

Na biyu, likita ya duba hannuna na hagu, ya ce amosanin gaɓɓai ne. Yatsu biyu sun fara sandarewa, kuma bai yi mini alkawarin ragowar za su kai baɗi ba.

Na uku shi ne dalilin takardar. Ba ka manta ba, a shekarar samun mulkin kai Baffa Daudu ya samo mini wannan aiki, ya sa na dafa Alƙur'ani cewa ba zan ƙara taɓa garaya ba, domin ɗan gidan sarauta ba ya kiɗan maharba. Jita kuwa ya ce kayan 'yan boko ce, babu ruwansa. Ranar na kawo maka garayata ajiya. Tun daga nan nake neman kiɗan nan da marigayi Lado maharbi ya koya mana a gindin dutse muna yara, amma babu jitar da ta ba ni shi daidai. Ka zo da garayar ka kaɗa mini, in gane inda nake kuskure tun yatsuna suna motsi. Ni ba zan taɓa ba.

Ka gai da Shatu da yara. Wassalam.

Muhammadu Lawal

---

Gwiwa, 21 ga Fabrairu

Zuwa ga bawana Lawal. Na gaishe ka, Allah ya sawwaƙe hannu.

Ka ce kada in yi dariya, to na yi, har Shatu ta leƙo tana tambaya ko an yi haihuwa ne. Jita uku! Ɗaya ta yi kauri, ɗaya ta yi sanyi, ɗaya ba ta yi komai ba amma ka tsane ta. Da shanu kake saya haka da tuni makiyaya sun yi maka waƙa.

Yanzu ga wadda ba ta dariya ba. Da na gama karanta takardarka na sauko da garayar daga rataye, na kaɗe ƙura, na canza tsirkiya ɗaya. Na kama kiɗan Lado, na yi farkonsa, da na zo wurin nan da yake sauka kamar mutum ya taka rami, sai na tsaya. Babu shi a kaina, Lawal. Kwana uku ina nema. Tun da muka bi shanu kudu a shekarun fari ban kaɗa ba. Na je Roni wajen 'ya'yan Lado, ɗaya direba ne, ɗaya tela, ba wanda ya riƙe. In yana nan, to a kanka kaɗai yake.

Saboda haka ka daina wahalar da katakon Turawa. Baffa Daudu ya yi shekara takwas a ƙasa. Ka ciyar da miskinai goma, ka yi kaffarar rantsuwarka, ka zo ka ɗauki kayarka.

Ubangidanka, Hamma

---

Kazaure, 6 ga Maris, 1975

Zuwa ga taubashina Hamma, gaisuwa da godiya.

Takardarka ta iso, kuma tun da na karanta ta abinci bai yi mini daɗi ba. Da ina zaton ajiyata tana wuri biyu. Ashe a wuri ɗaya take, kuma wurin yana rushewa.

Game da kaffara, na tambayi malamai biyu, ban gaya wa ɗaya abin da ɗaya ya faɗa ba. Duka sun ce ta halatta. Amma Hamma, ba hukuncin ne ya tsare ni ba. Ranar rantsuwar, Baffa ya riƙe hannuna ya ce da bakinsa ya lamunce ni a gaban manya. Mai rai ana zuwa a nemi ya warware maka. Wanda ya rasu fa, ina zan same shi? Albashin shekara goma sha biyar na ci a kan wannan magana. Ba zan iya ba.

Sai dai na gano abu guda, bayan na gwada jitocin uku a jere, na rubuta sakamako. A wuyan kowace jita akwai ƙarafa da aka gicciya, su ke yanke wa yatsa inda amo zai tsaya. Amon da Lado yake sauka a kansa yana tsakanin ƙarfe na uku da na huɗu. In na danna na uku ya gaza, in na danna na huɗu ya zarce. Na karanta ƙasidar daga bango zuwa bango, ba ta san da wannan amo ba. Wuyan garaya kuwa sumul yake, yatsa ke neman wurinsa. Ashe shekarun nan duka ba laifin Ingila ba ne, ba na Jamus ba, ba na Japan ba.

Matata Asma'u ta ce in fitar mata da su daga ɗaki, wai sun tsaya a jikin bango kamar masu zaman makoki. Jiya yatsa na uku ya ƙi lanƙwasuwa har hantsi.

Ina cikin damuwa ƙwarai. Wassalam.

Muhammadu Lawal

---

Gwiwa, 15 ga Maris

Bawana, sannu.

Kai dai boko ya cuce ka. Ƙarfe ya tare maka hanya, ka zauna kana rubuta sakamako? Akwai Sama'ilu maƙeri a bakin kasuwarku, yana da awartaki. Ka kai masa 'yar Japan ɗin ya cire ƙarafan, ka kwance waya huɗu ka bar biyu. Na san za ka ce ƙasida ba ta faɗa ba. To ƙasidar ta taɓa zama a gindin dutse da Lado? A kan garaya ka rantse, wannan kuwa ko an yi mata aski sunanta jita.

Ka yi sauri, yatsu ba sa jira.

Hamma

---

Kazaure, 28 ga Maris, 1975

Zuwa ga Hamma, gaisuwa.

Kwana tara ina jinkiri, sannan na kai ta. Sama'ilu ya tambaye ni sau biyu ko lafiyata ƙalau. Ƙarfe goma sha tara ya cire, na juya baya har ya gama. Wuyan ya tsattsage, ba mai sayenta har abada.

Amon yana nan, Hamma, daidai inda na ce. Muryar ba ta garaya ba ce, katako ne ba fata ba, amma kiɗan Lado ne. Na kai shi ƙarshe sau biyu. A na uku yatsan ya kafe, har yau bai saki ba.

Ka zo ranar Juma'a mai zuwa da garayar, kada ka ɗaga. Kai za ka riƙe ta. Ni zan zauna a gefenka in nuna maka inda za ka sa yatsa.

Bawanka, Lawal