Takwarar Zakiyya

Ƙofar Jatau,
Birnin Zazzau.
9 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga Maman Nabil,

Ina gargaɗinki tun kafin gaisuwa: kada ki karanta takardar nan a tsaye, kada kuma ki kira ni sai kin kai ƙarshenta. A waya kin iya katse ni da "to Inna, to Inna" alhali ba ki ji komai ba. Shi ya sa na koma ga biro.

Bayan haka, ina gaishe ki. Yaya jiki da nauyin da kike ɗauke da shi? Yaya Malam Abdulwahab da Nabil? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ba ta shiri da damina.

Na je taron da jami'a ta yi don tunawa da Hajiya Zakiyya Jumare, Allah Ya ji ƙanta. Kin gan ni ai, layi na uku, kusa da taga. Na ji duk yabon da aka yi mata, kuma ban ƙaryata ko ɗaya ba. Shekara talatin da huɗu tana aikin laburare, tana riga masinja isa bakin ƙofa. Gaskiya ne ta bi lungunan birnin nan gida-gida, tun daga Ƙofar Kuyambana, tana roƙon magadan malamai su ba ta tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu kafin gara ta gama da su. Har zaurenmu ta yi wata uku tana zarya, sannan marigayi mahaifinku ya sakar mata gafaka biyu na kakanku. Wani farfesa ya ce in ɗalibi ya manta sunan littafi, ya faɗi launin bangonsa kawai, za ta kai shi kan kantar. Na yarda. Tun muna aji ɗaya a sakandare haka take, ita ke jera wa kowa akwatinta a ɗakin kwana. Abin da farfesan bai sani ba shi ne, ni nake zuwa ta ɗaya a ajin nan, ita ta huɗu, wani zangon ma ta shida. Na gama na zaɓi aure, ita ta wuce jami'a. Ban taɓa yi wa kowa ƙorafi ba.

Sai aka kira ki. Kika tsaya da cikinki a gaban jama'a cike da zaure, kika ce ita ce uwar da ta sa miki littafi a hannu, ita ce ta fara kiran sunanki har kika ji yana da daɗi. Aka tafa miki. Matar da ke gefena, wata Madam Mildred ta Wusasa da suka yi aiki tare, ta juyo tana share hawaye ta ce, "Hajiya, kin san yarinyar nan? Allah dai Ya ba Zakiyya 'ya." Na ce mata na ɗan san ta.

Ke 'yar fari ce. Ba na kiran sunanki, ba na zama hira da ke a gaban mutane, domin haka uwata ta yi wa yayata, haka ita ma aka yi a gidansu. Wannan kunya ce, kuma kin yi girman da za ki san ba ƙi ba ne. Wa ya koya miki baƙaƙe da gawayi a bangon ɗakin girki? Wa ya yi kwana tara da ke a baya lokacin ƙyanda? Karatun da bai koya wa mutum abin da zai faɗa in uwarsa na zaune tana ji ba, ni ban ga amfaninsa ba.

Ki rage hawa bene a wurin aikin nan naku. Ki gaida maigidanki. Allah Ya sauke ki lafiya.

Mahaifiyarki,
Hajiya Fa'iza.


Ƙofar Jatau.
19 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga Maman Nabil,

Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Yaya jikin, yaya jaririyar? Allah Ya raya ta bisa sunna. Na ba direban da zai kawo miki wannan takarda yaji da garin kunun kanwa. Kada ki bari a rage wa ruwan wanka zafi don kin yi raki.

Takardarki ta ban haƙuri ta iso tun watan jiya. Na karanta. Shafi huɗu ce, na ƙirga "Anti Zakiyya" sau goma sha ɗaya a ciki.

Yau da hantsi Malam Abdulwahab ya zo tun daga Kaduna da ƙullin goro. Ya durƙusa yana ta kewaye-kewaye har sai da na ce ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce ranar Asabar suna, kuma kuna so a raɗa wa yarinya Zakiyya, amma kin rantse ba za a yi ba sai da yardata. Na tambaye shi me kuke kiranta yanzu. Yaron kirki, bai iya ɓoye magana ba. Ya ce tun a asibiti kike ce mata Ummi.

Ni da ke mun san wadda ake ce wa Ummi: yarinyar da aka sa wa sunan uwar mutum, sunan da baki ba zai iya furtawa ba don girmamawa. Wato abin da kika faɗa sau ɗaya a taro, yanzu kullum za a riƙa faɗarsa a tsakar gida, har a kunnena.

Shekara bakwai tun haihuwar Nabil nake jiran 'ya mace daga gare ki. Akwai 'yan kunnen zinariya da na ajiye wa takwarata. Na ce wa mijinki ya sha ruwa ya kama hanya, zai ji daga gare ni.

Mahaifiyarki,
Hajiya Fa'iza.


Ƙofar Jatau.
21 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga Maman Nabil,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, ke da baƙuwa, kuma nono ya zo sosai. An ce mini ba kya cin abinci kina jiran amsata. Wannan wauta ce, mai jego ba ta wasa da ciki.

Zan faɗa miki abin da na so ki ji daga wani bakin ba nawa ba. Kina shekara goma sha ɗaya kika gano littattafaina na sakandare a ƙasan adaka. Kika karance su sau uku-uku a bayan randa har bangonsu ya fita. Ina ganinki. Ba ni da wasu da zan ba ki, kuma ba zan iya zaunar da 'yar fari ina lallashi kakarki na kallo ba. Wata Laraba na yafa mayafi na hau bas zuwa Samaru. Na tarar da Zakiyya a tsakanin akwatunan katunan da suke rubuta sunayen littattafai. Sai da ta sallami wani ɗalibi sannan ta dube ni, ni da na fi ta maki. Na ce ta riƙa ɗaukarki duk Asabar, ta ce wa mahaifinku shawararta ce, kuma kada ta taɓa gaya miki na zo. Ta ce, "Fa'iza, wannan amanar za ta yi miki ciwo wata rana." Na ce ba ruwanta.

Ta yi mini ciwon tun Asabar ta farko. Kika dawo kina ba ƙannenki labari, Anti ta ce kaza, Anti ta nuna mini kaza, ni ina tuƙa tuwo ina ji. Duk shekara ina cewa bana za ta suɓuce ta faɗa miki. Mace ce ai, wa ke riƙe magana shekara ashirin da shida?

Da ta kwanta a asibiti na je, ranar da na san ba kya nan. Ta rame ƙwarai, amma bakin yana nan. Na tambaye ta ko ta gaya miki. Ta ce, "Ni aikina ke nan. Abin da aka ba ni ajiya ba ya fita sai mai shi ya zo da ƙafarsa." Na ce to da ta ɗan yi kuskure mana. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Na fito ina jin haushinta, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, har yau bai gama fita ba. Ta fi ni samunki, kuma ban kama ta da laifi ko ɗaya da zan riƙe ba.

Ki gaya wa Malam Abdulwahab na yarda. A raɗa wa yarinya Zakiyya. Mai sunan ta cancanta, Allah Ya sa jaririyar ta ɗauko riƙon amanarta. Zan iso gobe bayan sallar Juma'a, ni zan yi mata wankan suna. 'Yan kunnen suna nan a ajiye, ba nata ba ne, sai ki ƙara himma. Ki gaida Nabil da duk 'yan barka.

Ga kuma dokata, ki karanta wa mijinki da danginsa. Daga ranar Asabar, a gidanku da nan Ƙofar Jatau, babu mai ce wa yarinyar nan Ummi, ko Mama, ko wani suna na sakayawa. Zakiyya za a kira ta, gatsau, ke ce kuma za ki fara. Uwa ɗaya gare ki, tana raye, kuma tana ji.

Mahaifiyarki,
Hajiya Fa'iza.